Gudun Fanfalaki na Legas: Yadda Ake Shiri a Makonni Uku na Ƙarshe

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Na Legas an fara shi a 2016, kuma a watan Fabrairu ake yinsa. A shekarun baya ana tashi daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, a haye gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. ’Yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe shi, a cikin ’yan gida kuma ’yan Filato ne suka fi fice. Akwai na kilomita 10 ga masu farawa.

Atisayen gaske wata huɗu zuwa biyar yake ɗauka. Abin da mutum bai tara a waɗannan watanni ba, ba zai same shi a satin ƙarshe ba. Duk wanda ya taso a kara ya san sa ba ya yin ƙiba ranar kasuwa.

Rage gudu

Dogon gudu na ƙarshe, kamar kilomita 30 zuwa 32, ana yinsa saura sati uku. Daga nan sai a fara ragewa. Satin farko ka cire kamar kwata na abin da ka saba, na biyu ka koma kusan rabi, na ƙarshe kuma ɗan gudun kilomita biyar ko shida sau biyu ko uku ya isa. Dalili shi ne naman ƙafa yana samun ƙananan raunuka a lokacin atisaye, kuma hutu ne ke warkar da su. Za ka ji jikinka na ƙaiƙayin gudu, ka daure kawai.

Abinci da ruwa

Ƙarfin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30. Shi ya sa za ka ga mutum yana tafiya lafiya lau, kwatsam ƙafa ta yi masa nauyi kamar an ɗaura dutse. Saura kwana uku, ka yawaita shinkafa, tuwo, doya da taliya, ka rage mai, yaji da wake. Kar ka ɗanɗana abin da cikinka bai sani ba. Ranar gudu, burodi da shayi ko ayaba sun wadatar, awa biyu zuwa uku kafin a tashi.

Zafin Legas mai gumi ne, ba irin na arewa ba. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a wuraren da ake rabawa, ka haɗa da abu mai gishiri da sukari. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima ma haɗari ne, don yana rage gishirin jini.

Kaya

Sabon takalmi ba na ranar gudu ba ne, wanda ƙafarka ta saba da shi za ka sa. Ka yanke farce, ka shafa basilin a matsematsi da hammata saboda gurzuwa, ka maƙala lambarka a riga tun da daddare. Wanda ke zaune Agege ko Mile 12 ya fito da wuri, don ana rufe hanyoyi tun da asuba.

Lafiya

Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga ya ga likita kafin ya yi rajista. Kar a sha tramadol ko maganin ciwon jiki don a daure. Suna ɓoye ciwo, wasu kuma suna taɓa ƙoda idan jiki ya bushe.

Idan an tashi, kar ka bi rububin mutane, ka fara a hankali. In ka ji jiri, ciwon ƙirji, ko kanka ya fara rikicewa, to tsaya nan take ka nemi ma’aikatan lafiya da ke kan hanya. Gudun yana nan baɗi.