Tsakanin Hoto da Fure: Nazarin Saɓanin Launi a Cinikin Furanni daga Adjamé Liberté, Abijan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa furen da ya buɗe a tukunya ko a tsakar gida ya saɓa wa hoton da aka saye shi a kansa. An ɗauki furen yini ɗaya, wato Hemerocallis, a matsayin abin nazari, aka auna halayensa da yanayin Abijan da kuma yadda hoto ke yawo a hannun 'yan kasuwar Adjamé da Treichville. Maƙalar ta rarrabe saɓanin da ke fitowa daga jikin shuka, da wanda na'ura ke haddasawa, da wanda ha'inci ne tsagwaronsa. Ta kuma kafa hujjar cewa a gari mai ɗumin dare irin Abijan, hoton da aka ɗauka a ƙasa mai sanyi bai isa ya zama siffar da za a ƙulla ciniki a kanta ba.

Muhimman kalmomi: Hemerocallis, antosiyanin, zafin dare, launi, ciniki a kan siffa, Abijan.

Gabatarwa

Mahaɗar Liberté a Adjamé, daura da unguwar 220 Logements, wuri ne da motocin haya na gbaka da woro-woro ke sauke jama'a tun asuba, kuma daga nan ƙafa ke kai mutum manyan kasuwannin gundumar. Hausawan Nijar da Najeriya da suka daɗe suna fatauci a Adjamé da Treichville sun saba da cinikin kayan da ba a gani ba. A nuna hoto a waya, a daidaita, a tura kuɗi, kaya ya biyo baya. Haka ake yi da atamfa da labule da tayil, haka kuma mai sha'awar lambu ke yi idan ya ga hoton fure a kundin kamfani ko a intanet ya nemi a kawo masa irinsa ko saiwarsa.

Sai dai atamfa tana isowa da launin da ta baro masana'anta da shi. Shuka kuwa a ƙasar da aka dasa ta take haɗa nata launin, da ranar wurin da darensa da ruwansa. Nan ne rigima ke tasowa. Mai saye ya ga furen da ya fito fari-fari alhali hoton ja wur ne, sai ya ce an cuce shi. Mai sayarwa ya rantse abin da aka aiko masa ke nan. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Hanyar nazari

An bi hanyar bitar abin da ya tabbata a ilimin tsirrai da kimiyyar launi, sannan aka ɗora shi a kan yanayin Abijan. An zaɓi Hemerocallis duk da cewa ba ya cikin furannin da suka cika wuraren renon shuke-shuke na bakin titin birnin, domin a jikinsa duk dalilan saɓanin suka taru. Inda ya dace an kawo zoɓo da ƙariya, waɗanda mai karatu ya sani a gida.

Furen da halayensa

Asalin Hemerocallis gabashin Asiya ne: Sin da Koriya da Japan. Sunan daga Girkanci yake, kalmar yini haɗe da kalmar kyau, domin kowane fure da safe yake buɗewa ya yi yaushi kafin wata safiyar. A. B. Stout na lambun tsirrai na New York ya wallafa littafinsa a kan wannan shuka a 1934, kuma aikinsa na barbara ya share wa na baya hanya. An kafa ƙungiyar masu renon furen a Amurka a 1946, ita ce ke riƙe da rajistar sunayensa ta duniya, wadda ta haura nau'i dubu tamanin.

Gajartar rayuwar furen tana da muhimmanci ga wannan nazari. Shukar da ta yi furanni talatin a kaka guda ta nuna fuska talatin, kowace da safiyarta. Mai kundi yana zaɓar guda ɗaya, wadda ta fi duka, ya sa ta wakilci sauran.

Inda launin yake fitowa

Sinadarai iri biyu ne ke rina ganyen furen. Karotinoyid shi ke ba da ruwan ɗorawa da ruwan goro, yana zaune a cikin naman ganyen, kuma yana da juriya. Antosiyanin shi ke ba da ja da ruwan hoda da shunayya, yana narke cikin ruwan ƙwayoyin halittar fatar sama, kamar rini a marina. Abin da ido ke gani haɗuwar su biyun ne, na sama a kan na ƙasa. Idan antosiyanin ya ragu, ɗorawar da ke ƙasa sai ta bayyana, furen da aka saya da sunan shunayya ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Duk mai dafa zoɓo, wanda ake kira bisap a Abijan, ta san halin antosiyanin ko da ba ta taɓa jin sunan ba. A zuba zoɓo a kofi uku. A matse lemun tsami a na farko, zai ƙara ja da haske. A bar na biyu yadda yake. A jefa 'yar kanwa a na uku, zai yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Rinin ɗaya ne, tsamin ruwan ne ya canza. Yoshida da abokan aikinsa sun nuna haka a cikin fure mai rai a 1995: a furen Ipomoea tricolor, ma'aunin tsami, wato pH, na ruwan ƙwayar halitta yana tashi daga 6.6 zuwa 7.7 yayin buɗewa, launin ya juya daga ja-ja zuwa shuɗi. Delfinidin da siyanidin da ke cikin zoɓo, danginsu ne ke cikin jan Hemerocallis.

Zafin dare

A ganin mai wannan nazari, nan ne gundarin lamarin yake. Shuka tana ƙera antosiyanin daga sukarin da ta tara da rana. Idan dare ya yi sanyi, numfashinta yana raguwa, sukarin ya saura, kuma hanyoyin ƙera rinin su yi aiki sosai. Idan dare ya yi ɗumi, tana ƙone sukarin, ƙerawar ta ragu, abin da aka riga aka ƙera ma ya soma rushewa. Mori da abokan aikinsa sun auna tasirin zafi a fatar inabi a 2007: inabin da aka rena a zafin da ke kaiwa digiri 35 bai tara ko rabin antosiyanin ɗin wanda aka rena a digiri 25 ba. Manoman tuffa sun daɗe da sanin cewa sanyin dare ne ke sa ta yi ja, kuma masu renon furanni suna ganin irin haka a fure iri-iri.

Abijan tana kusa da digiri 5 arewa da tsakiyar duniya, a bakin teku da tafkin Ébrié. A yawancin watanni zafin dare yana tsayawa tsakanin digiri 22 da 25, na rana kuma yana haura 30 daga Fabrairu zuwa Afrilu. Agusta ne watan da ya fi sauƙi. Adjamé da Treichville unguwanni ne na siminti da kwalta da rufin kwano, waɗanda ke shan zafi da rana su riƙa amayar da shi har tsakar dare. Tukunyar da aka ajiye a barandar bene a 220 Logements tana kwana cikin ɗumin da lambun tsirrai na Bingerville ma bai kai ba, balle lambun arewacin Amurka ko Holan inda aka ɗauki hoton. Abin da za a sa rai a nan shi ne ja mai haske maimakon mai duhu, da gefen ganye mai siririn rini maimakon mai kauri, da idon tsakiya wanda iyakarsa ba ta fita sosai ba. Nau'ukan ruwan ɗorawa, irin su Stella de Oro da Walter Jablonski ya fitar a 1975, launinsu ya fi tsayawa kusa da hoto, domin karotinoyid ne jarinsu.

Ranar tsaka tana ƙara nata. Fure mai duhu yana shan zafi fiye da mai haske, kafin la'asar sai ya koɗe ko gefensa ya ƙone. Ruwan sama na watan Yuni, wanda ya fi kowane wata ruwa a Abijan, yana barin tabo a ganye mai duhu. Mai ɗaukar hoton kundi kuwa da hantsi yake fita, ko ranar da gajimare ya lulluɓe.

Akwai kuma nau'ukan da ke zubar da ganye su yi barci a lokacin sanyi. Waɗannan suna buƙatar sanyin, kuma a inda babu shi suna raunana shekara bayan shekara. Masu ganye kore duk shekara, waɗanda aka fi fitarwa a Florida, sun fi kusa da yanayin bakin tekun Kodebuwa. Sabon dashe ma yakan ba da ƙananan furanni a shekarar farko, mai ganye ninki biyu ya fito da falle ɗaya, sai saiwa ta kama sannan ya nuna kansa.

Abin da na'ura ke ƙarawa

Kyamara tana ƙiyasta farin da ke gabanta ta daidaita sauran launuka a kansa, don haka fure ɗaya yana ba da hotuna mabambanta da hantsi da azahar. Shuɗi da shunayya su suka fi ba ta wahala. Tun zamanin fim masu hoto sun san cewa wasu furanni shuɗɗa, irin su Ageratum, suna fitowa ruwan hoda, saboda suna mayar da wani jan haske da idon mutum bai cika gani ba amma fim yana kamawa. Wayar zamani kuma da kanta take ƙara wa launi kauri don hoto ya burge.

Daga nan hoton ya shiga tafiya. Allo da hasken ja da kore da shuɗi yake aiki, bisa ma'aunin sRGB da HP da Microsoft suka tsara a 1996. Maɗaba'a da tawada huɗu take aiki, kuma akwai shunayya da ruwan goro masu ƙyalli da tawadar ba ta iya kaiwa. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, aka kalle shi a allon da ya sha gyara a kasuwar wayoyi ta Adjamé, ƙarƙashin farar fitilar shago, ya riga ya yi nisa da abin da mai lambu ya gani.

Inda ha'inci ya shigo

Babu Hemerocallis shuɗi na gaskiya. Ko furen wardin da kamfanin Suntory na Japan ya sanar a 2004 bayan dogon aikin sauya ƙwayar gado, ya kuma fitar kasuwa a 2009 da sunan Applause, launinsa shunayya ce mai haske. Duk kundin da ya nuna furen yini ɗaya mai shuɗin baba, an taɓa hoton da kwamfuta.

Na biyu shi ne sayar da ƙwayar iri da hoton uwa. Nau'ukan zamani 'ya'yan barbara ne, irinsu ba ya maimaita uwa. Sai an raba gindi ake samun tabbacin shuka iri ɗaya, kuma ko yaɗawa a ɗakin gwaji takan fitar da wasu da suka kauce. Wannan ha'incin ya fi shafar ƙariya, Adenium obesum, shukar Sahel da masu reno a Tailan da Taiwan suka fitar mata da launuka masu yawa. Waɗancan launukan ta hanyar aure ake riƙe su, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Wanda ya sayi ƙwayar iri a kan hoton ƙariya baƙa ko shuɗiya, mafi yawan abin da zai samu ruwan hodan nan ne da ya baro a dajin Damagaram. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma kusancin sunan shukar da kalmar ya sa maganar ta zauna daram a wannan ciniki.

Siffar da ta isa a yi ciniki a kanta

Fiƙihun Malikiyya, wanda yawancin 'yan kasuwar nan ke bi, ya halatta sayen kayan da ke cikin ɗauri bisa barnamaji, wato takardar da ta siffanta su. Babin yana cikin Muwaɗɗa, mas'alar kuma tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Sharaɗin shi ne siffa ta zama sananniya, kuma cinikin yana lazimtar mai saye idan kaya suka dace da ita. Kundin furanni barnamaji ne na wannan zamani. Matsalarsa ita ce yana siffanta abin da shuka ta yi a wata ƙasa, ya yi shiru a kan sharuɗɗan da suka sa ta yi hakan.

Harshenmu yana siffanta launi da abin da kowa ya sani. Idan bafataken goro na Anyama ya ce ruwan goro, abokin cinikinsa na Kano ya gane, domin dukansu sun fasa goro sun ga yadda yake rina. Masu ilimin furanni sun bi wannan hanya da lambobi: katin launuka na Royal Horticultural Society ta Ingila, wanda ya fito a 1966, ana kara shi da ganyen fure a hasken rana a rubuta lambar da ta dace.

Saboda haka ake ba da shawarar a yi gwajin shuka a gida. Lambun tsirrai na Bingerville, wanda aka kafa a 1904, da Cibiyar Nazarin Tsirrai ta Ƙasa da Laurent Aké Assi ya assasa a jami'ar Cocody, wurare ne da suka dace da aikin. A raba gindi ɗaya gida biyu, a dasa rabi a lambu, rabi a tukwane a kan benen Adjamé. A riƙa auna launi da kati da ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 3 na yamma, a Maris da kuma Agusta, tare da rubuta zafin daren da ya gabata. Kowane hoto a ɗauke shi da katin a gefen furen, a rubuta unguwa da wata da sa'a a ƙasansa, sannan a miƙa wa masu renon furanni na birnin su nuna wa masu saye.