Ƙwallon ƙafa a Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil: tarihi da matsayinta

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana garin Wudil, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Gwamnatin Jihar Kano ce ta kafa ta a shekarar 2001, a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, kuma an fi saninta da KUST har zuwa 2022, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sauya mata suna. Ƙungiyar ƙwallon ƙafar ɗalibanta ta yi suna a gasar jami'o'i da laƙabin KUST Pyramids, wanda ke tuna dalar gyaɗa da Kano ta shahara da ita a da.

Fage biyu ne ƙungiyoyin jami'o'in Najeriya suke gwada ƙwanji a cikinsu. Na farko shi ne wasannin NUGA, waɗanda aka fara a Ibadan a 1966, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikin jami'o'i biyar da suka assasa su. Na biyu shi ne gasar HiFL ta ƙwallon ƙafa zalla, wadda kamfanin Pace Sports ya ƙaddamar a 2018 tare da haɗin gwiwar NUGA. A nan ne 'yan wasan Wudil suka shiga jerin ƙungiyoyi irin su BUK Stallions ta Jami'ar Bayero da UNIMAID Desert Warriors ta Maiduguri. Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ce ta ɗauki kofin farko, ta Kalaba ta ɗauka a 2019, sannan Maiduguri ta kawo shi Arewa maso Gabas a 2021.

Babbar matsalar ƙwallon jami'a ita ce rashin tsayayyen zangon karatu. Annobar korona ta hana buga gasar a fili a 2020, sa'an nan yajin aikin ASUU ya rufe yawancin jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Idan aka rufe makaranta, 'yan wasa sukan watse, atisaye ya tsaya, wasu ma su kammala karatu kafin a sake haɗa ƙungiya.

A Amurka, jami'a ce babbar ƙofar shiga wasan ƙwararru. A Kano kuwa, filayen unguwanni da ƙananan ƙungiyoyi ne suke renon 'yan wasa, kuma burin yawancinsu shi ne Kano Pillars, wadda ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Saboda haka matashi mai baiwa yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: karatu ko ƙwallo. Ƙungiyar jami'a irin ta Wudil na cikin 'yan wuraren da zai iya haɗa su. Tun da jami'ar mallakar jiha ce, kuɗin fili, mai horarwa da tafiye-tafiyen gasa lamari ne na kasafin kuɗi, wanda ɗalibai da masu zaɓe suke da haƙƙin bin diddiginsa.