Cututtukan Bairas da Asmar Yara: Sababi ne ko Alama?

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin binciken da aka bi yara tun suna jarirai a Amurka da Turai, domin gano ko bairas ne ke haddasa asma da alaji, ko kuwa yana tona raunin da yaro ya gada ne kawai. Abin da ya bayyana shi ne, amsar ta danganta da irin bairas ɗin.

Hujjoji a kan RSV

A garin Boras na Suwidin, Sigurs da abokan aikinsa sun bi jarirai 47 da aka kwantar a asibiti saboda RSV, bairas mai kama hanyoyin numfashi. Da suka kai shekara 18, kashi 39 cikin 100 na da asma ko fiton ƙirji mai maimaituwa, alhali a cikin takwarorinsu kashi 9 ne kacal. Sai dai binciken Tucson, wanda ya fara a 1980 da jarirai 1,246, ya nuna cewa fiton ƙirjin da ke biyo bayan RSV yana ja da baya, har alaƙar ta ɓace a shekara 13.

Gwajin da ya fi nauyi, a ganinmu, shi ne na Holan, inda aka raba bakwaini 429 gida biyu, aka yi wa rabi allurar palivizumab mai kare su daga RSV. Kwanakin fiton ƙirji sun ragu ƙwarai a shekarar farko. Amma da yaran suka kai shekara 6, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a asmar da likita ya tabbatar, ko a ƙarfin huhu. Nazarin tagwaye a Danmak a 2009 ma ga gado ya karkata.

Rainobairas

Rainobairas, bairas ɗin mura da ake rainawa, shi ya fi nuna haɗari. Binciken COAST a Wisconsin ya ruwaito a 2008 cewa yaron da rainobairas ya sa wa fiton ƙirji kafin shekara 3 yana da haɗarin asma kusan ninki 10 a shekara 6. Na RSV bai kai ninki 3 ba. A 2012 masu binciken suka duba wanne ke riga wani tsakanin alaji da fiton ƙirjin, suka tarar alajin ne ke fara zuwa. Wato jikin da ya riga ya tsani ƙurar ɗaki ko gashin kyanwa shi bairas ke kayarwa.

Dalili kuwa yana cikin garkuwar jiki. Sinadarin IgE, idan ya yi yawa, yana danne intaferon, makamin farko na yaƙar bairas. Shi ya sa maganin omalizumab, mai ɗaure IgE, ya rage tashin asma a tsakanin yaran biranen Amurka a lokacin komawa makaranta, sa'ad da mura ke yawo.

Tun 2023 ake yi wa jarirai allurar nirsevimab, mai kare su daga RSV, a ƙasashe da dama, har da lafiyayyun da aka haifa a kan kari. Bin waɗannan yara zuwa shekarun makaranta zai gwada batun RSV a kan adadin da gwajin Holan bai samu ba.