Manipur: sarki ya sauya addini, kusurwar ɗaki ta ƙi sauyawa

Shirinmu na tarihi a wanga mako ya kai mu nesa, jihar Manipur da ke arewa maso gabashin Indiya, daf da iyakar Miyanmar. Lokacin rediyo bai ishe mu ba, shi ya sa munka kawo sauran nan.

Mutanen kwarin da ke tsakiyar jihar, inda babban birni Imfal yake, ana ce musu Meitei. In ka shiga gidansu, ko da mai gidan yana da shaidar Hindu a goshi, dubi kusurwar kudu maso yamma. Ba a jibge tarkace a wurin. Na Sanamahi ne, abin bautar kakanninsu, wanda da sunansa ake kiran tsohon addinin baki ɗaya. Da magariba a kunna mishi fitila da turare.

Ta yaya ya koma kusurwa? A cewarsu, mahalicci ya gaya wa ƴaƴansa biyu: wanda ya fara zagayo duniya shi ne da sarauta. Sanamahi, babban, ya kama hanya. Ƙanensa Pakhangba kuwa, uwa Leimarel ta ba shi shawara, ya zagaya gadon ubansa sau bakwai, anka ce ai ya zagaya duniya ke nan. Sanamahi ya dawo ya tarar an gama naɗi, ya fusata ƙwarai. Don a lallashe shi anka ba shi mulkin kowane gida. Pakhangba, da ake zana shi kamar maciji mai cizon wutsiyarsa, ya zama kakan sarakuna. Littafin tarihin fada, Cheitharol Kumbaba, da sarki mai wannan suna ya fara lissafi, a shekara ta 33 miladiyya.

Bayan gida akwai kurmi. Kusan kowace unguwa tana da kurminta na Umang Lai, iyayen gijin daji, inda ba a sare itace. Shekara-shekara ake yi musu bikin Lai Haraoba. Mata ne a gaba, ana kiran su maibi: su ke rawar da ke nuna yadda anka halicci duniya da jikin mutum, yadda ake gina ɗaki, a shuka auduga, a saƙa zane. Abin bauta ya hau kansu su yi magana da bakinsa, ana kaɗa pena, wani ɗan goge da ake yi da ɓawon kwakwa.

To, sai ga Pamheiba, wanda ya hau gado a 1709. Ubansa Charairongba ya riga ya karɓi bautar Vishnu a 1704, amma bai tilasta wa kowa ba. Shi ɗan ya maida ita addinin ƙasa, da zugar wani mai wa'azi daga Sylhet, Shantidas Gosai. Anka hana kiwon alade, anka ce a riƙa ƙona gawa maimakon binnewa, har ƙasusuwan kakanni anka tono anka ƙona. Dangogi bakwai na Meitei kowanne anka liƙa mishi asalin Hindu. Rubutun Bengali ya ture nasu, Meitei Mayek. Mutanen ƙasar sun riƙe cewa a 1729 an tara tsofaffin litattafansu, puya, an cinna musu wuta a Kangla, fadar sarki. Har yau suna zaman makokin ranar kowace shekara.

Mu dai abin da ya ba mu mamaki, duk wannan ƙarfi bai shiga ɗakin mata ba. Fada ta zama Hindu, raye-rayen Krishna sunka bunƙasa zamanin sarki Bhagyachandra, amma fitilar kusurwa ba ta mutu ba.

Abin da ya tada tsohon addinin kuma, zalunci ne. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1891, zamanin sarki Churachand, majalisar malaman Hindu na iya cewa wane ya ƙazantu, a ƙaurace mishi, sai ya biya kuɗi a tsarkake shi. Talaka ya gaji. A 1930 Naoria Phulo ya kafa ƙungiyar Apokpa Marup a Cachar, a 1945 anka kafa Meitei Marup cikin Manipur, suna kira a koma ga addinin kakanni. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum wajen 222,000 sun rubuta shi a matsayin addininsu, ƙasa da kashi 8 cikin 100 na jihar. Ƙidaya dai ba ta leƙa kusurwar ɗaki.

Kangla, da soja sunka riƙe tun zamanin Turawa, an maida wa jama'a ita a Nuwamba 2004. Rubutu ya fi wuya. Gwamnatin jiha ta amince da haruffa 27 na Meitei Mayek tun 1980, amma makarantu sunka ci gaba da Bengali. A watan Afrilu 2005, masu fafutukar rubutun sunka banka wa babban ɗakin karatu na Imfal wuta, litattafai sama da 100,000 sunka ƙone, har da tsofaffin da babu kwafinsu. Jikokin masu kukan puya ne da ashana a hannu, wannan kam ba mu da bakin kare shi. Ba a jima ba gwamnati ta sa rubutun a aji ɗaya na firamare, ana ƙara aji guda kowace shekara, har ta kai yara na karanta wa iyayensu allunan kan titi.