Daga Bariki zuwa Zango: Sawun Soja a Tarihin Nima

In aka tambayi dattawan zangunan Accra asalin unguwanninsu, fataken goro da malamai da masu shanu za su fara ambata, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai wani kakan da ba a cika kiran sunansa ba, wato soja.

Maganar ta faro ne daga ruwa. John Glover hafsan sojan ruwan Ingila ne, yana cikin jirgin Dayspring da ya daki dutse ya nutse a Kwara kusa da Jebba a 1857. Da ya zama mai riƙe da mulkin Legas, sai a 1863 ya haɗa wata 'yar runduna ta 'yan arewa, galibinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Wanda ba shi da dangi ko gona a bakin teku, in aka ba shi kaki da bindiga da albashi, ba shi da uban da ya wuce mai biyansa. Turawa sun gane haka tun da wuri.

Shekara goma bayan nan, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Asante, waɗanda fatakenmu ke kira Tonawa, aka kwaso waɗannan dakaru a jirgin ruwa zuwa Gold Coast, wato Ghana ta yau. Janar Garnet Wolseley ya tasar wa Kumasi, babban birnin Asante, daga Cape Coast, Glover kuma ya biyo ta gabas, wajen kogin Volta, yana ƙara ɗibar mutane. Ko da ya iso a Fabrairun 1874, Wolseley ya riga ya cinna wa birnin wuta ya juya. Yaƙi ya ƙare, amma da yawan sojojin ba su koma ba. Ina ma za su koma? A Accra suka sauke kaya, suka yi aure, suka tarar da 'yan kasuwa da malamai masu jin harshensu. A wannan zamanin ne jama'ar Malam Naino suka kafu a Zongo Lane, kafin ɗansa Malam Baƙo ya buɗe Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

A 1879 aka mayar da dakarun runduna mai zaman kanta ta Gold Coast, a 1901 kuma ta shiga ƙarƙashin babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma. Ana ce musu Hausawa, alhali tafi-tafi mafi yawansu Gurunsi ne da Dagomba da Mosi da Zabarmawa. Hausa ce dai harshen fareti da ba da umarni, kurtu ya koye ta ko yana so ko ba ya so, in ya ajiye kaki kuma ya nufi zango, inda ba a tambayar baƙo garinsu kafin a ba shi ɗaki. A ganina bariki ya yi wa Hausa aikin yaɗuwa a Ghana daidai da wanda kasuwa ta yi mata. Gado ne mai ɗaci kuwa, domin da irin waɗannan hannuwa aka murƙushe tawayen Asante da Yaa Asantewaa ta jagoranta a 1900.

Alhaji Grunshi, sojan wannan runduna, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin Agustan 1914, lokacin da aka nufi tashar wayar iska ta Jamusawa da ke Kamina.

Nima kuwa ƙanwa ce a cikin zangunan Accra. Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya samu filin daga gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, don kiwo da saukar baƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta da mutane. Sansanonin sojan Ingila da na Amurka da ke kusa suna neman kuku da boyi da lebura da mai wanki, duk kuma a Nima suke kwana, don a lokacin tana bayan iyakar hukumar gari, gini ba sai da takarda ba. Matsatsin lungunan da ake kuka da shi yau daga nan ya samo tushe. Da aka dawo daga fagen yaƙi a Habasha da Bama, tsofaffin sojoji 'yan arewa suka ƙaru a kai, unguwa ta malala har Maamobi.

Alkawuran da aka yi musu na aiki da fansho ba su cika ba. Ran 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna a Christiansborg, Sufuritanda Imray ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Sunayen nan kaɗai sun nuna cewa rundunar ta daina zama ta 'yan arewa zalla. Tarzomar da ta biyo baya ta sa aka kafa kwamitin bincike na Watson, aka sake tsarin mulki, har Ghana ta samu 'yancin kai ran 6 ga Maris 1957.