Jinsintarwa

Jinsintarwa adon harshe ne da ake ɗauko halin wani jinsi a ɗora wa wani daban. Abdulƙadir Ɗangambo, a nazarinsa na salon waƙa, ya kasa ta gida uku: mutuntarwa, dabbantarwa da abuntarwa.

Mutuntarwa ita ce ba abin da ba mutum ba halin ɗan'adam, kamar a ce fari ya shigo gari yana bin rumbuna yana ƙwanƙwasawa. Dabbantarwa kuwa ta fi yawa a bakin makaɗan fada da 'yan kirari: sarki giwa ne ko zaki, abokin hamayyarsa kuma kura ko biri. Nan ne gwanintar take, domin dabba guda ta isa ta ɗaukaka mutum ko ta zubar masa da mutunci a bainar jama'a. A abuntarwa, jarumi kan zama dutse ko bango.