Dutse Mai Tafasa da Ƙarafan da Aka Zaunar a Cikinsa

A shekara ta 1756, wani masanin ma'adinai na ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, wanda shi ne ya gano ƙarfen nikel shekara biyar kafin haka, ya ɗora harshen wuta a kan wani ɗan dutse, sai ya ga yana kumfa yana fitar da tururi kamar tukunyar da ta kai ga tafasa. Saboda wannan al'ajabi ya harhaɗa kalmomi biyu na Yunananci ya raɗa masa suna ziyolait, wato dutse mai tafasa. Haƙiƙar al'amarin kuwa, wadda ba ta bayyana ba sai wajen 1930, ita ce cikin dutsen ba a cushe yake ba: silikon da alminiyum, kowanne da ƙwayar oksijin huɗu kewaye da shi, sun sarƙu sun yi ɗakuna da lunguna kamar saƙar zuma, masu ƙofofin da ke barin wata ƙwaya ta shige su tare wata, yadda rariya ke raba gari da tsaki.

Da Richard Barrer ya nuna a Ingila cewa ana iya ƙera wannan dutse a ɗakin gwaji, Robert Milton da Donald Breck na kamfanin Union Carbide kuma suka samar da nau'o'in A da X da Y tsakanin 1949 da 1954, sai hankalin malamai ya koma ga wata mas'ala: ko za a mai da shi katalis, wato dillalin sinadarai, mai sada biyu su ƙulla ciniki alhali shi ya fita yadda ya shiga. Mabuɗin yana ga alminiyum, domin duk inda ya zauna a bango yakan bar giɓin caji wanda sodiyum ke cikewa, shi kuwa sodiyum baƙo ne, ana iya sallamarsa a saukar da wani. Charles Plank da Edward Rosinski na kamfanin Mobil suka musanya shi da ƙarafa irin su lantanum, tun farkon shekarun 1960 kuwa matatun mai suka riƙa samun fetur fiye da na da daga gangar ɗanyen mai guda.

Amma baƙon ɗaki daban, tubalin bango daban. A 1983 aka ba Taramasso da Perego da Notari, masana a Italiya, shaidar mallakar wani nau'in ziyolait mai suna TS-1, inda titaniyum ya shiga ainihin ginin ya gaji mazaunin silikon, kuma bai kan wuce wajen ɗaya cikin 40 ba. Wannan ƙarfe, wanda idan oksaid ɗinsa ya taru da yawa farin fenti ake yi da shi, da aka keɓe shi ƙwaya ɗai-ɗai cikin bango sai ya iya karɓar oksijin daga haidurojin feroksaid ya miƙa wa wani sinadari, abin da ya rage kuwa ruwa ne. A kan wannan hikima aka gina masana'antar furofilin oksaid ta Antwerp a 2008. Haka jan ƙarfe, wanda wani masani mai suna Iwamoto ya nuna fa'idarsa a Japan a 1986, yau yana zaune cikin ƙananan ɗakunan wani ziyolait mai suna SSZ-13 a salansar manyan motocin dizal, yana mai da gubar hayaƙi naitirojin da ruwa.

Wanda ya yi nazarin wannan tarihi na shekara fiye da 250 zai tarar cewa masana ba su ƙago ƙarfe ko ɗaya dominsa ba. Abin da suka yi haƙuri suka koya shi ne inda ya kamata a zaunar da kowace ƙwaya, domin amfanin ƙarfen yana ga mazauninsa.